Irin Fure a Gwangwanin Masoro

Shekarun baya, lokacin ina gwauro, daga ni sai mahaifiyata a gidanmu na unguwar Dar es Salam a Yamai, bakina ya taɓa jawo mini abin da har gobe in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Da yawanku kuna tambayata me ya sa kowane hoto na saka sai an ga furen nan a bayana, har wani ya ce ko sayarwa nake yi. Ba na sayarwa, malam. Ku dai gyara zama ku ji mafarin abin.

Mu Damagarawa ne. Aikin gwamnati ya kawo mahaifina Yamai tun ba a haife ni ba, kuma a nan ƙasa ta rufe shi. Mahaifiyata kuwa, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya duk unguwa ta san ta da shi: haɗa yajin jego. In mace ta haihu, kafin labari ya kai kunnen liman ya kai nata. Za a kawo citta da kimba da kanumfari da masoro da barkono, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta auna abinta da tafin hannu ita kaɗai, sannan a kai inji. Ko dala ba ta karɓa. Ladanta shi ne ta ji ana cewa, "Ai wannan yajin hannun Hajiya ne."

Abin da unguwa ba ta sani ba, idonta ya fara tafiya. Yanar ido ce ta riƙa rufe shi a hankali, har ya zama in ba haske da duhu ba, ba abin da take bambancewa. Ni ma ban gane ba sai ranar da na miƙa mata kofin shayi, na ga ta kai hannu gefe guda tana lalube. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, sai dai "kai wannan".

"Kai wannan, zauna," in ji ta. "Abin da ka gani, ka gani. Amma in na ji shi a bakin wani, ko da ƙanwarka ce, ban yafe ba."

Na ce, "Haba Inna, ciwo ne fa, ba abin kunya ba. Mu je likita, an ce kankarewa kawai ake yi."

"Ba mai sa mini wuƙa a ido. Kai yaro ne, ba ka ga yadda aka yi da gwaggona a Damagaram ba. Ranar da aka san ba ta gani, ranar aka karɓe ludayi daga hannunta, aka shimfiɗa mata tabarma a lungu. Shekara tara tana jiran a miƙo mata ruwa. Ni ba za a zaunar da ni da raina ba."

Na yi mata alkawari. Shekara biyu muna riƙe da sirrin nan, kuma wallahi ta iya abinta. Gidan ta haddace shi da ƙafa, baƙi tana gane su da murya tun daga bakin ƙofa, in za mu fita sai ta dafa kafaɗata ta ce wa mutane gwiwa ce ke damunta. Yaji ba a daina kawowa ba, ba a kuma taɓa cewa ya canza ba.

Abin da ya riƙa cina shi ne zamanta na yamma. A da, in an yi la'asar, takan fito tsakar gida ta zauna tana sharhi a kan komai, daga hadari har kazar maƙwabta. Yanzu sai ta zauna shiru, fuskarta a bango. Na kai kukana wurin abokina da ke aiki a wani farmasi, wato kantin magani, a Zongo, ban dai gaya masa dalili ba. Na ce ina neman abin da zan shuka wanda ba sai an gan shi ba za a san yana nan. Ya dube ni kamar na zautu, amma bayan kwana biyu ya zo mini da ƙunshin takarda, ya ce wani mai lambu a bakin kogi ya ba shi.

Na buɗe, na ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi yamutsattsu. Na ce, "Masoro ka kawo mini?"

Ya yi dariya. "Kowa haka yake cewa. Fure ne, mu a lekol, makarantar boko, da belle-de-nuit muka san shi. Yini yake yi a rufe, sai yamma ya buɗe, ƙamshinsa kuwa sai wanda ya ji. Amma ka saurare ni da kyau: na hanci ne, ba na baki ba. Irin nan guba ne, kada ka ajiye shi inda yara za su kai."

Na ce gidanmu ba yara. Ka ji gwauro.

Shukar farko da bazara na yi ta, don ni akwai ni da gaggawa, rana ta soye ta ƙurmus. Ta biyu ta tsiro har ta yi ganye huɗu, akuyar maƙwabciyarmu ta shigo ta yi kalaci da ita. A fada kuwa, wurin hirarmu da abokai, na zama abin tsokana, ko shayi aka miƙo mini sai da magana: "Mutane na shuka masara da kuɓewa, kai da gemunka kana ban-ruwan fure!" Na shanye. Da damina ta sauka na je wurin mai lambun da kaina, ya koya mini. A jiƙa irin ya kwana a ruwa, a haɗa ƙasa da takin tumaki wanda ya ruɓe, a tura shi zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kada a cika ruwa har ya kwanta. Na kewaye wurin da ƙaya da tsohon gidan sauro. Kwana tara ina tsugunne a kansa safe da yamma kafin ƙasa ta tsage.

Bayan wata biyu da ƴan kwanaki, ran nan mun idar da sallar magariba, Inna na zaune da carbi, sai na ga ta ɗaga kai.

"Kai wannan, wa ya fasa turare?"

Na ce ba kowa. Ta sake shaƙa.

"A'a. Wannan ba na kwalba ba ne, ba na wuta ba ne kuma."

Na kama hannunta na kai ta gindin bango, na ɗora yatsunta a kan furen. Ta shafa, ta shafa, ta tambaye ni launinsa. Na ce akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, akwai ma wanda ya haɗa biyun a fure ɗaya. Ta ce, "Ƙarya kake." Amma tana murmushi. Daga ranar ta sa aka mayar da kujerarta can, ta kuma raɗa masa suna furen magariba. Ban taɓa jin daɗin wani abu da na yi da hannuna kamar wannan ba.

To ga inda wayona ya kai ni. Kowane fure in ya bushe yakan bar ƙwaya ɗaya, koriya, ta koma baƙa, ta faɗo. Kullum ina tsincewa ina shanyawa don in sami irin baɗi, har na tara cikin tafi biyu. Sai na fara tunanin ƙwari. Na tuna yadda ake zuba barkono a buhun wake don kada ya lalace, na ce ai kayan yaji duk ɗaya ne. Na shiga ɗakin girki, na ɗauko gwangwanin madarar da Inna ke ajiye masoro, yana da kusan rabi, na juye irina a ciki, na girgiza, na rufe, na mayar. Har ina yaba wa kaina. Na fito da niyyar gaya mata, sai aka kira ni a waya, shi ke nan maganar ta bi iska.

Ƙanwata tana aure a Harobanda, ƙetaren kogi, a wani babban gidan Zabarmawa, mutanen kirki. Cikinta na biyu ne, don haka ba ta zo wankan gida ba. Ana lissafin saura wata guda sai ga haihuwa ba shiri, kuma ta sha wuya, ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata. Yaron ɗan mitsitsi. Rana ta uku aka sallame su. Rana ta huɗu ita ce ta ƙauri, ranar da ake dafa ƙafafun sa da yajin jego, a fara ba mai jego, sannan a rarraba wa dangi da maƙwabta. Surukan ba su saba da shi sosai ba, Inna ce ta ce jikanta ba za a yi masa rabin al'ada ba, ita za ta haɗa yajin, ita za ta tsaya a kan tukunya. Ni duk wannan hidimar mata ce a wurina. Gwangwani ko a mafarki bai faɗo mini ba.

Ranar na taso daga biro, wato ofis, wajen biyar da rabi, na biyo gida in canza kaya kafin in ƙetara. Inna ba ta nan, mijin ƙanwata ya zo da mota ya ɗauke ta tun azahar. Na tsinci ƙwayoyin ranar, guda shida ko bakwai, na shiga ɗakin girki in ƙara a kan sauran. Gwangwanin yana kife a kan tire, an wanke shi tas.

Na tsaya ina kallonsa. Sai da na ɗaga shi na leƙa ciki, kamar wani abu zai maƙale. Sannan na fita da gudu na buga ƙofar maƙwabciyarmu, mai akuyar nan, don ita ke kai wa Inna niƙa.

"Lafiya, maƙwabci?"

"Yajin nan, wa ya haɗa?"

"Wa kuwa zai haɗa? Hajiya mana. Tun sassafe ta kulle kanta a ɗaki, sai hantsi ta miƙo mini leda a ɗaure, na kai inji."

"Kin buɗe ledar? Kin ga abin da ke ciki?"

"Ni a wa? Wa ke buɗe ƙullin Hajiya? Ta dai ce masoron da aka sayo ya yi mata kaɗan, ta ƙara da na gida duka."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira wayar Inna, na ji tana ƙara a ɗakinta, ƙarƙashin matashi. Na kira ta ƙanwata, a kashe. Na kira mijinta sau uku tana shiga har ta tsinke, ashe yana can kasuwar dabbobi yana neman ragon suna, ba ya ji. Na kira abokina na farmasi, na zazzage masa komai a numfashi ɗaya.

Ya ce, "Nawa ne?"

"Cikin tafi biyu."

"An niƙa?"

"An niƙa."

Ya ce, "Ƙato mai lafiya zai sha amai da gudawa ya tashi. Amma macen da ta zubar da jini kwana huɗu da suka wuce, ga jariri a nono... Kai, bar magana, hau moto. In ta riga ta ci ku wuce likita kai tsaye, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe."

Yadda na fita Dar es Salam a kan moto, wato babur ɗina, ban sani ba. Na san dai na ƙetare jar wuta biyu, wani mai taksi ya zage ni har da kakata, ban waiwaya ba. Ƙauri kafin magariba ake rabawa, rana kuma ta riga ta yi ja. Ina isa bakin tsohuwar gada sai na tarar da ita a cushe. Wani kamyo, irin babbar motar kayan nan, ya mutu a tsakiya, ga raƙumi da lodin zana ya ƙi gaba ya ƙi baya, ga amalanken jakuna, ga ɗaliban jami'a, kowa na danna oda. Ko keke ba ya wucewa.

Na jingine moto a wurin wani mai facin taya, ko sunansa ban tambaya ba, na jefa masa makulli na zura da gudu. Ku dubi mutum da rigar biro da takalmi mai tsini yana tsallake igiyar raƙumi. Mutane na darewa, wasu sun ɗauka ɓarawo ne, wasu sun ɗauka ɓarawo nake bi. Ni kuwa ƙanwata kawai nake gani, yarinyar da nake goyawa zuwa lekol, wadda mahaifinmu ya ce in riƙe masa amana. Ina gudu ina cewa, ya Allah kada ka sa furena ya zama ajalinta.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A tsakiyar gadar nan, maimakon in tsaya a kan laifina, sai zuciyata ta juya kan Inna. Me ya sa ta ƙi likita? Me ya kai makauniya haɗa yaji? Wannan kalmar ban taɓa kiranta da ita ba ko a zuci sai ranar. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa wataƙila ta gane. A ƙarshen gada na tari wani mai moto da ban sani ba, na ce masa rai ne, ya ce hau.

Gidan surukai ne, cikin mata kuma, amma ko sallama ban yi ba na faɗa. Tsakar gida cike da mata. Ga ƙatuwar tukunya a kan murhu, ga Inna a gefenta a kan ƴar kujera, ludayi a hannu, ana miƙo mata kwanuka tana zubawa, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Ga ƙanwata a bakin ƙofar ɗakinta, jariri a cinya, kwano a hannu, ta ɗaga cokali tana hurawa.

Na yi tsalle ɗaya na buge kwanon. Romo ya watsu a bango, ƙashi ya gangara har gindin randa.

"Yaya! Lafiya?"

"Kin sha? Ki gaya mini, kin sha?"

"Yanzu zan fara. Yaya, me ya same ka?"

Na juya na ɗaga hannu. "Kada wanda ya ci! Akwai guba a yajin nan!"

Kun san nauyin wannan kalma a gidan haihuwa, a kan abincin da uwar mai jego ta kawo da hannunta. Mata suka ajiye kwanuka. Aka fara ƙus-ƙus da Zabarmanci, kuma ina jin isasshe da zan gane inda idanu suka nufa. Surukuwar ƙanwata, wata doguwar dattijuwa mai natsuwa, ta taso ta tsaya gabana. Hausarta ta kasuwa ce, amma a miƙe take.

"Ɗana, kala suuru, yi haƙuri ka yi magana a hankali. Guba a gidana? Wa ya sa?"

Na fara bayani ina haki. Fure, gwangwani, ƙwari, buhun wake, abokina na farmasi, duk na cakuɗa su. Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya.

A nan ne na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa. "Kai wannan, zo nan ka ji."

Ban je ba. Ina can ina rantse-rantse.

Surukuwar ta girgiza kai. "Hajiyar da ta haɗa yajin rabin Yamai, ita ce ba za ta bambance masoro da ƴaƴan fure ba? Ɗana, rana ce ta buge ka. A sake zuba wa mai jego, romo na hucewa."

Wata ta ɗauko sabon kwano ta nufi tukunya.

"Kai wannan," Inna ta sake cewa, "na ce ka zo nan."

Ni kwanon kawai nake gani yana tafiya. Tsoro ya rufe mini kunne, sai ji na yi bakina ya buɗe da ƙarfin da duk gidan ya ji:

"Ba ta gani! Wallahi ba ta gani! Shekara biyu ke nan idonta a rufe, ko tafin hannunta ba ta gani, ta yaya za ta bambance?"

Wutar murhu kaɗai ke ƙara. Ƙanwata ta ce, "Inna?" da wata ƴar murya kamar ta yarinya.

Inna ta gitta ludayi a bakin tukunya. Ta laluba haɓar mayafinta, ta kamo wani ƙulli, ta kwance shi a hankali, ba gaggawa. Ta ce, "A ba ni faifai." Aka miƙa mata. Ta zazzage. Baƙaƙen ƙwayoyin nan suka gangara a kai, cikin tafi biyu, irina.

"Masoro yana da ƴar wutsiya," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba, "kuma in ka murza shi yana yi maka magana a hanci. Naka ba wutsiya, ba ƙamshi, ga shi da ciki kamar ɗan tulu. Tun da na sa hannu a gwangwanin na san aikinka ne. Sau uku na bi shi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na kai hantsi. Na ƙullo shi ne in ba ƙanwarka ta shuka a bakin ƙofarta, ita ma ta riƙa jin abin da nake ji da magariba."

Ta karɓi kwanon daga hannun matar, ta zuba, ta yi bisimilla, ta kafa kai ta shanye a gaban kowa. Ta sake cikawa ta ce, "A ba mai jego."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata. Ƙanwata na kuka tana sha. Ni ina tsaye, romo a ƙafar wando, ban san inda zan sa idona ba.

Aka kira sallar magariba. Kuma a nan, ina kallo, abin da ta shekara biyu tana gudu ya faru. Wata matashiya ta durƙusa ta ce, "Hajiya, kawo ludayin ki huta." Wata ta kama hannunta za ta kai ta wurin alwala. Surukuwar ta sa aka shimfiɗa mata tabarma mai kyau a jikin bango, nesa da wuta, aka ajiye mata buta a gefe. Duk da kyakkyawar zuciya suka yi, ba wadda ta yi don wulaƙanci. Inna ta riƙe ludayin na ɗan lokaci, sannan ta saki. Ba ta juyo wajena ba.

Ba ta dawo gida ba sai bayan suna. Da ta dawo, in na gaishe ta takan amsa, daga nan ba ƙari. Kujerarta ta sa aka mayar ɗaki. Furen na ta buɗewa kowace yamma, ƙamshi har waje, ba mai zama a wurin. Kalmar nan ta "ban yafe ba" ina kwana da ita ina tashi da ita. Magana kuwa zarar bunu ce, kafin sati ta ƙetaro gada ta zaga unguwa. Aka yi ta zuwa yi mata sannu, kowa da sunan likitan da ya sani.

Bayan sati uku ɗiyar wani maƙwabcinmu ta haihu. Muka jira. Ba a kawo kayan yaji ba, wata unguwa aka kai. Inna ta ji guɗa, ta ji shige da ficen mata. Da yamma sai na ga ta fito da kanta, tana jan kujerarta, ta zauna a gindin furen. Na zo na durƙusa a gabanta, ƙato da ni, na fashe da kuka.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Kwanon da ka buge, ka yi daidai. Ko ni ce zan buge shi, rai ba abin wasa ba ne. Amma sau biyu na kira ka. Taku nawa ne tsakanina da kai?"

Na ce, "Bai kai goma ba, Inna."

"To. Su ranar nan suka zaunar da ni. Kai ashe ka daɗe da zaunar da ni a zuciyarka, ban sani ba."

Gaskiya ta faɗa. Can ta miƙo hannu ta laluba kaina, ta dafa.

"Tashi, na yafe. Ɗebo ruwa, abin nan naka yana jin ƙishi."

Daga baya ƙanwata ta tasa ta gaba da kuka da magiya har ta yarda aka yi mata aiki, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka cire bandeji ta ƙi kwanciya, ta zauna jiran la'asar. Da furen ya buɗe ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ashe da gaske kake, biyu a fure ɗaya." Amma masu kawo kayan yaji ba su dawo kamar da ba. Ta ƙara shekara shida a duniya, kuma yajin da ta haɗa a cikinsu na jikokinta ne kaɗai. Yaron da aka yi wa ƙaurin yanzu ya kusa kamo ni tsawo, a bakin ƙofarsu a Harobanda kuma furen magariba ne jere, daga ƙullin mayafin nan.

Na sha tambayar kaina, da za a mayar da ni ranar, me zan canza. Gudun zan sake yi, kwanon ma zan sake bugewa. Abu ɗaya ne kawai: da na je na durƙusa na sa kunnena a bakinta. Shi ya sa yanzu in na ga tsoho yana lalube, ba na saurin kama masa hannu, sai na tambaye shi tukuna. Irin kuwa a kwalba nake ajiye shi, a ɗakina, da rubutu a jiki manya-manya, matata har dariya take yi mini.

Ta yafe mini, na ji da kunnena, kuma na gode wa Allah da ban rasa wannan ba. Amma duk magaribar da ƙamshin nan ya taso, ba gadar nake tunawa ba, ba kwanon ba. Muryarta nake ji tana cewa, "Kai wannan, zo nan ka ji," ni kuma ina tsaye, taku goma, ban je ba.